Bindigar da Ba Ta Shuri

Hollis Pruitt ya riƙe ƙaramar bindigar da hannu biyu, ya nuna bango, ya ja kunama. Ba ta motsa ba. Ya ƙara matsawa har jijiyar wuyansa ta tashi, bakin bindigar ya shiga rawa, yana nuna agogo, yana nuna kan barewar da ke rataye a bangon, amma kunama tana nan inda take.

"Babu harsashi a ciki, Kawu Hollis, ja da ƙarfinka," in ji Dwight, mai shagon.

"Ƙarfin nawa ke nan ka gani."

Ya ajiye ta a kan gilashin kanta. Yatsunsa duk sun karkace sun nufi gefe guda kamar ciyawar da iska ta kwantar, gaɓoɓin sun kumbura sun yi sheƙi. Amosanin ya fara ne da babban yatsa, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, bai bar ko ɗan ƙaramin ba.

A kusa da murhu Merle yana zaune da kofin gahawa. Sa'an Hollis ne, tare suka yi makaranta, kuma tun da ya sayar da shanunsa ba shi da wurin zama sai shagon nan. Hannunsa na rawa har gahawar tana zuba a wandonsa, amma bakinsa lafiya lau.

"Dwight, sayar masa da danƙon harbin tsuntsu ka huta."

"Kai dai fara kai kofi bakinka tukuna, tsohon banza," in ji Hollis, bai ko waiwaya ba.

Dwight ya ɗauko wata, mai zubi a gindi, ya nuna masa yadda ake jan samanta baya. Hollis ya kama, yatsunsa suka zame. Ya sake kamawa, suka sake zamewa. Ya nuna wata 'yar mitsitsiya a ƙasan gilashi.

"Waccan fa? Ai ba nauyi."

"Rashin nauyin ne matsalarta. Ita ta fi kowacce shuri, za ta tsinke maka wuyan hannu." Dwight ya jingina da kantar. "Wai ina dogayen bindigoginka? Kana da ta mahaifinka, kana da ta farautar barewa."

"Na gwada su da safe a kan kututture."

"To?"

"Ta farko ta tashi daga hannuna ta faɗa cikin taɓo. Ta biyun ma ban iya ɗaga ta zuwa kafaɗa ba."

Merle ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskar Hollis, ya mayar da bakin kan kofi.

"Me za ka harba, Kawu?"

"Tilly."

Babu wanda bai san Tilly ba a wannan yanki na tsaunukan Ozark, a Amurka. Goɗiya ce ja mai farin goshi, a hannun Hollis aka haife ta, ya kora shanu a kanta har shanun suka ƙare. Tun bara ciwon kofato ya kama ta. Yanzu tsayuwa take yi tana jan jiki baya kamar mai taka garwashi, in ta kwanta kuma sai ta yi wuni ba ta tashi ba. Rediyon da ke kan kantar tun safe yake maimaita magana ɗaya: ruwan ƙanƙara yana tafe daga Oklahoma, zai iso kafin duhu, kowa ya shige gida.

"In ta kwanta a kan ƙanƙarar nan ba za ta tashi ba," in ji Hollis. "Kuma ba za ta mutu da wuri ba. Na san ta. Taurin kai gare ta."

"Kira likitan dabbobi mana. Allura ɗaya, shi ke nan," in ji Dwight.

"Warin motarsa kawai take ji ta fara zabura. Ba na so abin da za ta ji na ƙarshe ya zama tsoro. Kuma naman da aka yi wa wannan allura guba ne, sai an binne shi da zurfi. A ina zan haƙa? Gonata dutse ce zalla. In bar ta a fili, gobe in tarar da ungulu da dila a zube kewaye da ita."

"To bari in rufe shago in biyo ka. Ni in yi."

"Ka taɓa hawanta?"

"A'a."

"Ka taɓa kwana a barga da ita tana ciwon ciki?"

Dwight ma ɗan nan ne, ya san yadda ake yi. A gidan su Hollis, da gidajen da ke kewaye, ba a kiran baƙo ya kashe wa mutum dokinsa. Wanda ya hau shi, shi ke kai shi saman tudu, ya ba shi abin da ya fi so, ya yi abin da hannunsa.

"Glenda ta sani?" in ji Merle.

"Glenda tana tuƙa motar 'yan makaranta. A bar ta da aikinta. Kuma in na ji maganar nan a bakinta, na san daga wane ruɓaɓɓen baki ta fito."

Glenda ita ce 'yarsa tilo. Bayan rasuwar Verna, matarsa, ta so ta ɗauke shi ya koma gari, akwai ɗaki a bayan gidanta. Suka yi ta ja har suka gaji, sannan suka daidaita a teburin kicin: muddin hannunsa na iya aikin gonar, ya zauna; ranar da aka kira ta ta yi abin da ya gagare shi, ranar zai haɗa kaya. Shi da bakinsa ya faɗa, ya ba ta hannu kamar yadda yake yi da masu sayen shanu. Tun daga nan ya daina sa riga mai maɓalli, ya koma takalmi marar igiya, gwangwanin wake kuma da guduma yake fasa shi a bayan gida inda ba wanda zai gani.

Dwight ya sosa ƙeya, ya shige ciki, ya dawo da wani dogon kwali mai hoton yaro da mahaifinsa suna dariya. Ya zaro wata 'yar bindiga, tsawonta bai wuce hannun mutum ba, an shafe katakonta da launin ruwan hoda.

Merle ya ƙyalƙyale har ya ƙware. "Kai, Hollis! Sai a haɗa maka da 'yar tsana."

"Ita kaɗai ta rage, masu ruwan ƙasa sun ƙare tun Kirsimeti," in ji Dwight. "Kada ka dubi launin, Kawu. Harsashi ɗaya take ci. Ba ta shuri ko kaɗan, yarinya 'yar shekara shida tana harba ta. Kunamarta kuwa taɓawa kawai."

Hollis ya daɗe yana kallonta. "Irinta na saya wa Glenda tana ƙarama."

"To ka gani. Harsashin ƙarami ne, amma a kusa, ga wanda ya san wurin, ya isa. Kai kuwa ka san wurin."

Suka fita bayan shago inda Dwight ya tara buhunan yashi. Sama ta yi baƙi daga yamma, iska tana yankan kunne. Dwight yana ba shi labarin wani mutum da ya zo daga Tulsa neman bindigar kashe beyar, wani ƙaton naman daji, hannunsa kuma yana aikinsa shi kaɗai: ya buɗe, ya sa harsashi, ya rufe, ya ja wani ɗan ƙarfe a bayan bindigar har ya ce ƙas, ya miƙa. Haka yake yi wa kowane yaro da aka kawo masa tun da ya buɗe shagon.

Hollis ya ɗora ta a kafaɗa. Ba ta fi sanda nauyi ba. Ya lanƙwasa yatsansa na tsakiya, wanda ya fi sauran jin magana, ya taɓa kunama. Tas. Gwangwanin da ke kan buhu ya yi tsalle.

"Sake."

Dwight ya karɓa, ya cika, ya ɗana, ya miƙa. Tas. Wani gwangwanin ya faɗi. Na uku ma haka.

"Naɗe min ita. Ka bar kwalin, ba na son hoton."

Da Hollis zai fita Merle ya taso, abin da ba ya yi wa kowa. Ya laluba aljihu ya ciro alewar na'ana'a guda biyu, ya zuba masa a aljihun kwat.

"Tana son su. Ta taɓa cizona a kansu, 'yar banza."

Hanyar gida ta yi tsawo. Motoci sun yi layi a gidan mai, mata suna fitowa daga kanti da burodi da madara a rungume. Ya ga motocin makaranta sun fito tun rana ba ta yi sanyi ba, an tashi yara da wuri, ya sunkuyar da kai har suka wuce. Daga nan kwalta ta ƙare, a-kori-kurarsa ta hau tsakuwa, yana juya sitiyari da tafin hannu.

Tilly tana tsaye a bakin barga. Ta ɗaga kai da ta ji motar, ta yi ɗan gurnani, amma ba ta tako ba. Da ragamarta a kai, don tun kaka bai cire mata ba, ya san in ya cire ba zai iya mayarwa ba. Ya zura hannu cikin igiyar har gwiwar hannu, ya saɓa 'yar bindigar a ɗaya hammatar.

"Taho, tsohuwa. Mu je sama."

Hawan ya ɗauke su lokaci. Ta yi taku kaɗan ta tsaya, shi ma ya tsaya, ba ya jan ta. Yana yi mata hira: ranar da ta jefar da shi a rafi gaban Verna, shekarar da suka kwana neman ɗan maraƙi cikin dusar ƙanƙara. A saman tudun akwai wata tsohuwar bishiya da shingen waya, a gindinta kuma fararen ƙasusuwan dawakin da suka riga ta, na mahaifinsa da nasa, ciyawa ta rufe rabinsu. Daga nan ana hango kwarin gaba ɗaya.

Ya ba ta alewar Merle. Ta tauna a hankali, idonta a lumshe.

Sa harsashin ya ba shi wuya. Na farko ya suɓuce cikin ciyawa, na biyu ma haka. Na uku ya riƙe shi tsakanin gaɓoɓin yatsu biyu ya tura, ya shiga. Ya rufe da tafin hannu. Ya shafa farin goshinta, ya ja baya kaɗan, ya ɗaga bindigar, ya taɓa kunama.

Shiru.

Ya sake taɓawa. Kunamar ta tafi baya a sake, ba abin da ya faru. Ya sauke bindigar ya duba, sai idonsa ya faɗa kan ɗan ƙarfen nan na baya, mai kai kamar murfin kwalba. Sai a lokacin ya tuna. Irin wannan bindiga ba ta ɗana kanta. Da gangan aka yi ƙarfen da tauri, don kada yaro ya iya harbi sai babba yana tsaye ya ja masa. Shi kansa ya ja wa Glenda ba adadi, da yatsu biyu, yana kallon wani wuri, bai taɓa ɗaukarsa aiki ba. Dwight ma bai ɗauke shi aiki ba.

Ya kama ƙarfen da babban yatsa da manuni. Zafi ya tashi har kafaɗarsa, ƙarfen ya motsa kamar faɗin farce, ya koma. Ya matse bindigar tsakanin gwiwoyinsa ya kama da hannu biyu. Ya zame. Akwai filaya a aljihunsa, ya ciro, amma hannun da zai matse filayar shi ne babu. Ya maƙala kan ƙarfen a wayar shinge ya ja da nauyin jikinsa, wayar ta suɓuce ta tsaga masa bayan hannu. Daga ƙarshe ya kai baki ya ciza ya ja, haƙoran robarsa na sama suka fito suka faɗi kan takalminsa.

Ya tsaya yana kallon su. Tilly ta miƙo wuya ta sansana su, ko alewa ce.

A lokacin ruwan ya fara. Ba shi da ƙarfi, yayyafi ne, amma duk inda ya sauka sai ya daskare. Wayar shinge ta fara ƙyalli. Gashin bayan goɗiyar ya soma yin tauri, ƙafafunta na gaba suna karkarwa, ta fara lanƙwasa gwiwa tana neman ƙasa.

"A'a. A'a, tsohuwa, tsaya min. Tsaya."

Ya sa kafaɗa a ƙirjinta ya tokare. Da ɗaya hannun ya ciro waya, ya danna lambar shagon da gaɓar yatsa. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ko da an ɗauka, shagon yana ƙetaren kogi, gadar kuwa ita ke fara daskarewa. Merle ba zai iya riƙe cokali ba. Saura mutum ɗaya, wadda gidanta bai yi nisa da inda kwalta ta ƙare ba.

Zai iya mayar da wayar aljihu. Ya sauka gida, ya hura wuta, gobe ya ce goɗiyar ta mutu da kanta cikin sanyi, ba wanda zai tambaye shi komai. Ya ji numfashinta mai ɗumi a wuyansa, da ƙamshin na'ana'a.

Ya danna.

"Baba? Lafiya? Kana cikin gida dai ko?"

"Ina saman tudu. Ni da Tilly."

Ta san abin da ake zuwa yi saman tudu.

"Ka yi?"

"Ki zo."

"Baba, me ya faru? Muryarka ta canza."

"Haƙorana ne suka faɗi. Ki zo kawai, Glenda. Akwai abin da ya gagare ni."

Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka a tokare da goɗiyar ba. Ya cire kwat ɗinsa ya yafa mata a baya. Yana ta yi mata magana har maganar ta daina zama kalmomi. Can ya hango mota a ƙasa, sannan mace tana hawowa, tana zamewa tana dafa ƙasa, da rigar aikinta mai ruwan ɗorawa har yanzu a jikinta. Ita ma furfura ta fara cin kanta, bai taɓa lura ba sai yau.

Ta iso tana haki. Ta dubi jinin hannunsa, ta dubi kwat ɗin a bayan doki, ta sunkuya ta ɗauki haƙoran ta goge a rigarta ta sa a aljihu. Sannan ta ga bindigar a jingine da bishiya.

"Ruwan hoda, Baba?"

"Ita ta rage."

Ta ɗauka, ta juya bakinta ƙasa kamar yadda ya koya mata. Ta sa yatsu biyu ta ja ƙarfen. Ƙas.

Ta riƙe ta, ba ta miƙa ba. "In yi?"

Ya miƙo hannayensa duka biyu. Ruwa na ɗiga daga karkatattun yatsun. Ta daɗe tana kallon su, shi kuma ya bar ta ta kalla, karo na farko bai ɓoye su a aljihu ba.

"Yatsa nesa da kunama sai ka shirya," in ji ta a hankali, ta ɗora masa bindigar a tafin hannu.

Ta je ta rungumi wuyan Tilly, ta faɗa mata wani abu a kunne, ta dawo ta tsaya a bayansa. Goɗiyar ta ɗago kai tana neman wata alewar. Hollis ya kira sunanta sau ɗaya.

Ƙarar ba ta fi ta busasshen reshe ba. Tilly ta tafi ƙasa gaba ɗaya, lokaci guda, ƙafar baya ta shura sau biyu ta tsaya. Bindigar ko motsi ba ta yi a kafaɗarsa ba.

Ya durƙusa zai kwance ragamar, yatsunsa suka tsaya a kan ƙarfen ɗaurin. Glenda ta durƙusa kusa da shi ta kwance, ta miƙa masa. Ta ɗauke kwat ɗin ta karkaɗe ƙanƙarar ta yafa masa, ta saƙala hannunta cikin nasa.

Suka fara sauka, taku ɗaya ɗaya, ciyawa tana karyewa a ƙarƙashinsu kamar gilashi. Ba ta ce komai ba game da teburin kicin. Ya jira ta faɗa, har suka wuce rabin hanya, har rufin bargar ya bayyana, ba ta faɗa ba. Kallon ƙafafunsa kawai take yi, kada ya zame.

"Ɗakin nan naki," in ji shi.

"Baba, ba yau ba. Ba sai mun yi wannan maganar yau ba."

"Tagar tana kallon ina?"

Ta yi taku uku kafin ta amsa.

"Bangon maƙwabta."

Ya gyaɗa kai. Ya gyara riƙon ragamar a hammatarsa, suka ci gaba da sauka.